Ana tambayar masu jego yadda aka karɓi haihuwarsu, amma wa ke aiki da amsar?

Anti Binta (ungozoma):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A nan akwai iyaye mata, akwai maza, akwai ma'aikatan lafiya, shi ya sa na kawo wannan damuwar tawa. Yanzu duk inda aka zauna kan harkar haihuwa, maganar ita ce a saurari iyaye. An rataya akwatin ƙorafi a bakin ɗakin haihuwa, an buga takardar tambayoyi ana miƙa wa mai jego ranar sallama. Mu ma an kawo mana. Da aka tattara amsoshin, kusan kowace mace ta ce ta gamsu. Ni kuwa da nake kwana a ɗakin nan na san ba haka abin yake ba. Wadda ta sha tsawa jiya da daddare, ita ce da safe take cewa an kula da ita, Allah ya saka da alheri. Don Allah ku faɗa min gaskiya, me ke hana ku magana idan an tambaye ku? Kuma ta yaya za a yi tambayar har ta canza wani abu?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Anti. Wadda ta miƙo min takardar ita ce ta yi min ɗinki, kuma ita zan dawo in tarar ranar rigakafin yaro. Tana tsaye a kaina da biro a hannu. Ga jinjiri, ga jiki duk ciwo, ba abin da nake so illa in gan ni a gida. Me kike so in rubuta?

Abin da na haɗiye ban faɗa ba shi ne an yi min ƙari ba wanda ya ce min uffan. Sanyin almakashi kawai na ji. Har aka sallame ni ba a gaya min dalili ba, ba a nuna min yadda zan kula da wurin ba. Ta yiwu dole ce ta sa, amma ai jikina ne. "Za mu ƙara ki, ga dalili," magana ce da ba ta kai daƙiƙa goma ba.

Dakta Sani:
Maman Ilham, abin da kika faɗa an auna shi. A Tanzaniya an tambayi mata a ƙofar fita daga asibiti ko an wulaƙanta su, wajen kashi 19 cikin ɗari suka ce e. Da aka bi wasunsu gida bayan 'yan makonni aka maimaita tambayar, adadin ya haura kashi 28. Matan nan ba ƙarya suka yi da farko ba. Wuri da lokaci da mai tambaya ne suka canza.

Batun ƙari kuma, binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Gana, Gini, Miyanma da Najeriya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya sa mutane sun zauna cikin ɗakunan haihuwa a Gana, Gini da Najeriya suna kallo. Cikin matan da aka ga an yi wa ƙari, uku cikin huɗu ba a nemi yardarsu ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan sun gamu da duka, ko zagi, ko nuna bambanci, kuma abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin haihuwa zuwa minti 15 bayanta. Waɗanda suka fi shan wahalar su ne 'yan mata ƙanana da waɗanda ba su yi karatu ba, wato su ne dai waɗanda ba za su iya cika takardar tambayoyi ba. Tun 2018 ƙa'idar hukumar ta ce kada a mayar da ƙari abin yi wa kowa.

Sista Hauwa:
Ni dai ku yi haƙuri, duk lokacin da aka ɗauko wannan zancen a kanmu yake ƙarewa. Ku zo aikin dare ku gani. Mutum biyu a ɗaki, gadaje sun cika, wata tana zubar da jini, wata kan yaro ya sauko, wata hawan jininta ya tashi ana tsoron jijjiga. Wuta ta ɗauke kana riƙe da fitilar waya a baki. A nan ne za a ce in tsaya ina lallashi? Rahoton ungozoma na duniya na 2021 ya ce akwai giɓin ungozoma wajen 900,000. Ra'ayin iyaye ba zai haifo ma'aikata ba. Abin da zai haifar shi ne a kira ni ofis a ba ni takardar tuhuma, shi kuwa wanda ya ƙi ɗaukar ma'aikata ba wanda zai rubuta sunansa, don mai jego ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Anti Binta:
Ƙanwata, ba wanda zai gaya min wahalar aikin dare. Gaskiyarki ce a kan ofis, kuma duk tsarin da zai mayar da maganar iyaye bulalar dukan ƙaramin ma'aikaci ba na goyon bayansa. Amma mari fa? Cewa mace "lokacin da kike ɗaukar cikin ai ba ki yi ihu ba" fa? Wannan ba ƙarancin ma'aikata ya kawo shi ba, gado muka yi daga waɗanda suka koyar da mu, muna kuma miƙa wa ɗalibai. Daren da muke da yawa ma ana yi.

Hajiya Talatu:
Sista Hauwa, 'yata, ki kwantar da hankalinki, iyaye ba abokan gabarki ba ne. Ƙungiyar White Ribbon Alliance, mai fafutukar lafiyar iyaye mata, ta tambayi mata wajen miliyan 1.2 a ƙasashe 114 tambaya ɗaya tak, me suka fi so a yi musu a harkar haihuwa da lafiyarsu, aka fitar da sakamakon a 2019. Na farko, a mutunta su. Na biyu, ruwa da banɗaki da tsafta. Na uku, magunguna da kayan aiki. Sannan a ƙara ungozoma da nas-nas. Kin ga, ban da na farkon, duk kukanki ne suke taya ki. Ke idan kin ce ba ruwa a banɗaki za a ce kin cika mita. Idan mata ɗari suka faɗa, aka rubuta, aka karanta a gaban masu riƙe da kuɗi, magana ta yi nauyi.

Baban Sadik:
Ku ba mu dama mu ma maza mu sa baki, tunda cewa aka yi iyaye. Mu ba wanda yake tambayarmu komai. Aikinmu tsayuwa a baranda, a leƙo a miƙo takarda a ce je ka sayo, ko je ka nemo jini. Da matata ta haihu, ƙanwarta ce ta leƙa ta taga ta ga zanin gadon ya jiƙe sharkaf, jini har yana ɗiga ƙasa, ita kuma ta yi shiru, fuskarta ta yi fari. Ta ruga ta faɗa, aka ce kowace mai haihuwa tana zubar da jini, ta fita ta ba su wuri. Da ta ƙi tafiya ta tsaya tana roƙo ne wata ta je ta ɗaga zanin. Nan take ɗakin ya hargitse. Allah ya sa da sauran kwana. Da an bar mutum ɗaya zaune kusa da ita tun farko, ai da an gani da wuri. Ni a wurina sauraron da ya fi muhimmanci shi ne na wannan lokacin, ba na takarda bayan komai ya wuce ba.

Dakta Sani:
Baban Sadik, Allah ya ƙara mata lafiya. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego a duniya, kuma ido yakan raina yawansa, sau da yawa sai an makara ake ankara. Barin mace da wanda ta zaɓa ya zauna da ita lokacin naƙuda yana cikin shawarwarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya, ya haɗa gwaje-gwaje 26 da mata sama da 15,000. Matan da suka samu mai zama da su ba yankewa, naƙudarsu ta ɗan fi gajarta, yi musu tiyatar ciro jariri ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, kuma sun fi fita da kyakkyawan tunani game da haihuwar.

Sista Hauwa:
Dakta, a ɗaki mai gado takwas ba labule? In bar mijin wata ya shigo sauran matan suna kwance ba sutura?

Maman Ilham:
Ba sai miji ba, Sista. Uwa ko 'yar'uwa ko aminiya. Labule kuma ai yana cikin abin da muke roƙo. Ni abin da ya fi ci min rai bayan ƙarin shi ne ana duba ni ƙofa a buɗe, ɗalibai sun zagaye gadon, ba wanda ya gabatar da kansa.

Malam Idi:
Bari in kawo wani ɓangaren, kada mu ɗauka maganin duk ciwo muka samu. A Yuganda an yi wani gwaji a ƙananan asibitoci 50. Aka tattara bayanan yadda kowane asibiti ke aiki, aka kai wa jama'ar da ke zuwa can, aka zaunar da su da ma'aikata suka yi yarjejeniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Kowa ya yi murna. Bayan shekaru aka maimaita irinsa a ƙasar, a asibitoci sama da 300. Mu'amala da marasa lafiya ta ɗan gyaru, gamsuwarsu ta ƙaru, amma ba a ga raguwar mutuwa ba.

Sannan gamsuwa daban, tsira daban. Ana iya yi wa mace fara'a a manta ba a auna hawan jininta ba, ta fita tana godiya. Ana iya ɗaure mata fuska a ceci ranta. Uwa ba za ta iya gaya maka ko an ba da maganin da ya dace a kan lokaci ba. Don haka ina tsoron a sa jin ra'ayi a madadin binciken aiki na ƙwararru, don ya fi arha.

Anti Binta:
Malam, na yarda ba madadi ba ne. Amma cewa uwa ba ta san komai a kan tsira ba, a nan muka raba hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ta san sunan magani ba, amma ta san tun magariba take kira ba wanda ya zo. Ta san ta faɗi ciwon kai da dishi-dishin gani aka ce gajiya ce. Ta san an sallame ta ba a auna ta ba. Waɗannan abubuwan ba ka samunsu a fayil, don wanda bai zo ba ba zai rubuta cewa bai zo ba. Laifin tambayar ne. "Kin gamsu?" ba ta fitar da komai. Ka ce, "Da kika kira, an zo? An nemi izininki kafin a duba ki? An gaya miki alamomin da in kin gani za ki dawo da gaggawa?" Nan za ka ji abin da ya faru.

Ummu Yasir:
Na daɗe ina karantawa ban yi niyyar magana ba. Ni ba a ba ni takardar ba. Irinmu ba a ba mu.

Cikina ya shiga wata tara na ji motsin ya ragu. Yaron mai yawan motsi ne da daddare, na san lokutansa. Na je na faɗa. Aka ɗora abin sauraro a cikina na ɗan lokaci, aka ce lafiya lau, wuri ne ya yi masa kaɗan, in koma gida sai naƙuda ta zo. Na ce ni dai jikina bai ba ni ba. Aka ce cikin fari ne shi ya sa nake tsoro. Da na koma, ba bugun zuciya. Na haife shi a ɗaki ɗaya da masu haihuwar rayayyu, ina jin kukan 'ya'yansu. Da safe na ga ana bi gado-gado da takardar, aka tsallake nawa. Na san tausayi ne ya sa. Amma ni ce na fi kowa abin faɗa a ɗakin.

Na yarda da ƙaddara. Yarda da ƙaddara ba ta hana ni son sanin ko da an tsaya an duba sosai da an ga wani abu ba.

Hajiya Talatu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ki haƙuri 'yata, ya sa mai ceto ne, ya mayar miki da alheri.

Sista Hauwa:
Allah ya ba ki haƙuri Ummu Yasir. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Dakta Sani:
Allah ya jiƙansa, ya ba ku dangana. Don sauran masu ciki da ke nan: ba gaskiya ba ne cewa motsi yana raguwa idan haihuwa ta matso. Yanayinsa na iya canzawa, amma bai kamata ya ragu ba. Duk wadda ta ji ya ragu ta je a ranar, kada ta jira gobe, kuma idan an duba ta koma gida ta ji bai dawo daidai ba, ta sake komawa ko da an yi mata kallon mai naci. A duniya ana haihuwar jarirai wajen miliyan 1.9 ba rai duk shekara, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari a lokacin naƙuda suke rasuwa.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan ciwon na asibitin da ba shi da kayan aiki ne kaɗai. A Ingila, asibitocin Shrewsbury da Telford, iyalai biyu ne da suka rasa 'ya'yansu mata, ɗaya a 2009 ɗaya a 2016, suka ƙi yin shiru har gwamnati ta sa a yi bincike a 2017. Babbar ungozoma Donna Ockenden ta fara da koken iyalai 23. Da labari ya bazu, iyaye suka yi ta fitowa har suka kai iyalai 1,486. Rahoton da ta fitar a watan Maris na 2022 ya ce jarirai 201 da iyaye mata 9 da wataƙila sun rayu da an kula da su yadda ya kamata. Ya kuma nuna yadda aka riƙa ƙin sauraron mata, a wasu lokutan ma aka ɗora musu laifin abin da ya same su, ana kuma maimaita kuskure ɗaya shekara da shekaru don ba a yi binciken kirki ba. Can ma akwai ofishin ƙorafi, akwai takardun tambayoyi. Abin da aka rasa shi ne wanda zai jera labaran wuri ɗaya ya ga duk iri ɗaya ne.

Maman Ilham:
Ai ko Serena Williams, shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, da duk sunanta da kuɗinta. A 2017, washegarin da aka yi mata aiki ta haihu, ta ji numfashinta yana sarƙewa. Ta taɓa yin daskarewar jini a huhu, ta san alamar. Ta ce a yi mata hoton ƙirji a sa mata maganin tsinka jini, aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya rikita ta. Sai da ta dage aka yi hoton, aka kuwa ga gudajin jinin a huhunta. To ina ga yarinya 'yar shekara goma sha bakwai da ke jin kunyar ɗaga ido ta kalli likita?

Malam Idi:
Wannan na karɓa. Labarin Ummu Yasir da na Baban Sadik ba ra'ayi ba ne, shaida ce ta ganau. Inda nake nan daram shi ne, sai an haɗa ta da abin da ke cikin fayil. Ai akwai tsarin bitar mutuwar masu juna biyu da jarirai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa, wanda ƙa'idarsa ita ce ba a kama suna, ba a ɗora laifi. A wurare da yawa ma'aikata ne kaɗai ke zama su yi bitar kansu. A tambayi iyayen tun kafin zaman: me kuka gani, wace tambaya kuke so a amsa muku? Bayan zaman a kira su a gaya musu abin da aka gano.

Hajiya Talatu:
Komawar nan da amsa ita ce ba a yi. Mutum ya yi magana sau ɗaya ya ji shiru, ba zai ƙara ba, kuma zai gaya wa 'yan'uwansa kada su wahalar da kansu. Allo ɗaya ya isa, a wurin zaman masu awo: kun ce ba labule, mun sa, kun ce ba ruwa da daddare, mun kai maganar gaba, ga ranar da muka kai, kun ce a bar mai zama da ku, za mu fara a gadaje kaza. Har abin da ba a iya yi ba a rubuta, a faɗi dalili. Mai karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Sista Hauwa:
Idan haka ne, mu ma a tambaye mu. Wanda aka zage shi a ofis da safe, bai samu hutu ba, ya ga gawa da rana ba wanda ya ce masa sannu, da wuya ya yi taushin baki da daddare.

Dakta Sani:
A Kenya haka aka yi. Shirin Heshima a asibitoci 13 ya haɗa horar da ma'aikata, da ba su masu ba da shawara da za su sauke musu damuwar aiki, da ranakun da ake buɗe ɗakin haihuwa masu ciki da iyalansu su shigo su gani su yi tambaya. Matan da suka ce an wulaƙanta su sun sauko daga kashi 20 zuwa 13 cikin ɗari. Bai ƙare ba, amma ya motsa.

Ummu Yasir:
Anti Binta, yanzu lokaci ya ja. Zan iya komawa in nemi a yi min bayani, ko an wuce wurin?

Anti Binta:
Ba a wuce ba, 'yata. Ki je da katinki, ki tafi da wanda hankalinki ya kwanta da shi, kada ki je ke kaɗai. Ki nemi ganin babban likitan sashen ko shugabar ungozoma, ki ce kina so a ɗauko fayil ɗinki a zauna da ke. Ki rubuta tambayoyinki tun daga gida, don kuka zai iya zuwa ya ɗauke miki su. Ki tambayi abin da aka rubuta ranar da kika je da ƙorafin motsi, gwajin da aka yi da wanda ba a yi ba, ko an yi bitar rasuwar, da kuma irin kulawar da za a ba ki a ciki na gaba. Wannan ta ƙarshen kada ki bari a wuce ta.

Ni kuma zan kai wa shugabanninmu abu uku: a daina ba da takardar ranar sallama, a koma kiran waya bayan makonni, a kuma sa waɗanda suka yi rashi cikin waɗanda za a nema, idan sun yarda. Inda na tsaya shi ne wa zai yi kiran. Ba zai yiwu ya zama mu da muka karɓi haihuwar ba.

Baban Sadik:
Anti, a samo iyayen da suka haihu a wurin a baya a horar da su, mata su kira mata. A bar layi ɗaya kuma ga mazan. A kuma tuna ba kowace mace ce wayar take hannunta ba, wata lambar mijinta ce a kati. Mai kiran ta fara tambayar ko za ta iya magana yanzu, ko a sake kira.

Sista Hauwa:
Kuma a cire sunaye kafin a karanta mana a taro, nasu da namu. Anti, idan za ki shiga wurin shugabannin ki gaya min ranar, zan raka ki. Maganar labulen nan ina so in faɗe ta da bakina.